LAFIYA UWAR JIKI: Ciwon Sanyin Da Ke Ɓuya, Da Yadda Ake Gano Shi A Jikin Namiji

Sunan ciwon sanyi ya daɗe a bakin Hausawa, kuma duk lokacin da aka ambace shi abin da ke zuwa zuciyar mutane shi ne zafin fitsari da mugunya mai kauri wadda ke ɓata wando, har ta tilasta wa mai ita ya nemi magani ko da yana jin kunya. To, amma likitoci sun daɗe da sanin cewa wannan suna guda ɗaya ya rufe cututtuka dabam dabam, kuma biyu daga cikinsu su ne suka fi yawa a tsakanin maza. Ta farko ita ce wadda kowa ya sani, watau gonoriya, wadda wani likita Bajamushe mai suna Albert Neisser ya gano ƙwayarta a shekarar 1879. Ta biyu kuwa ana kiranta kilamidiya, kuma ita ce wannan fili zai yi magana a kai, domin ta fi ta farko yawa, ta fi ta iya ɓuya, kuma irin gwajin da yawancin mutane ke yi su koma gida da murna ba ya ganinta ko kaɗan.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 kaɗai mutane wajen miliyan 129 ne masu shekara 15 zuwa 49 suka kamu da kilamidiya, alhali kuwa waɗanda suka kamu da gonoriya a wannan shekara wajen miliyan 82 ne. Kimanin rabin mazan da ke ɗauke da kilamidiya ba su jin kome a jikinsu, haka kuma wajen mata bakwai cikin goma. Namijin da ta nuna masa alama ma, sau da yawa abin da zai gani bai wuce ɗan farin ruwa tsararo da safe ba, ko ɗan ƙaiƙayi da raɗaɗi a hanyar fitsari, wanda kan bayyana mako ɗaya zuwa uku bayan kamuwa, sa'an nan ya lafa da kansa. Mutum sai ya ce zafin gari ne, ya sha ruwa, ya manta. Ita kuwa cutar tana nan zaune.

Halin Ƙwayar Cutar

Kafin a fahimci gwajin, wajibi ne a fahimci halin ƙwayar da ake nema. Sunanta a wurin masana Chlamydia trachomatis. Yawancin ƙwayoyin cutar da ake nema a fitsari suna iya rayuwa da kansu, saboda haka in ma'aikacin ɗakin gwaji ya shafa fitsari a kan faranti mai abincinsu, ya ajiye a wuri mai ɗumi, kafin kwana biyu za su tsiro ya gan su da idonsa. Kilamidiya ba ta tsirowa a kan wannan faranti. Ba ta iya hayayyafa sai ta shiga cikin ƙwayar halitta mai rai ta jikin mutum, ta zauna a ciki kamar yadda tsutsa ke zama cikin goro, ta ninka kanta cikin kwana biyu zuwa uku, sa'an nan ta fasa ta fito ta kama na kusa. Ga kuma ƙanƙanta, domin ƙwayar da ke yawo tsakanin mutum da mutum ba ta kai kashi ɗaya cikin dubu na milimita ba, kuma rinin da ake amfani da shi kullum a ɗakin gwaji ba ya fito da ita.

Wannan ƙwaya ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa, domin danginta ne ke kawo amosanin ido, wanda ya makantar da mutane da yawa a ƙauyuka. Sai dai a lura, irin da ke kawo amosanin ido dabam yake da irin da ke kama al'aura. Na ido ƙuda da hannu da tsumma ke yaɗa shi, musamman a tsakanin yara, kuma babu abin zargi a kan mai shi. Na al'aura kuwa ta hanyar saduwa ake ɗauka, ko jariri ya ɗauka wurin uwarsa lokacin haihuwa. Ba a ɗaukarsa a masai, ko a wurin zama, ko ta cin abinci a kwano ɗaya.

Yadda Aka Fara Neman Ta

Ta hanyar ciwon ido aka fara sanin ƙwayar. A shekarar 1907 waɗansu masana biyu, Halberstaedter da Prowazek, suna bincike a tsibirin Jaba na ƙasar Indunusiya ta yanzu, suka ga waɗansu ƙananan dunƙule-dunƙule cikin ƙwayoyin halittar da aka karto daga fatar ido mai amosani. An yi shekara hamsin kafin a iya renonta a wajen jikin mai rai, sai a 1957 wani masani ɗan ƙasar Sin mai suna Tang Feifan da abokan aikinsa suka ba da sanarwar sun rene ta cikin ƙwan kaza mai ɗan tsako. A 1959 likitoci a Ingila suka same ta a bakin mahaifar wata mace wadda jaririnta ya kamu da ciwon ido, aka ƙara tabbatar da cewa cuta ce ta al'aura kuma. A 1965 waɗansu masana biyu, Gordon da Quan, suka nuna yadda za a rene ta cikin ƙwayoyin halitta masu rai da ake kiwo a ɗakin gwaji.

Wannan hanya ta reno ita ce aka dogara da ita shekaru da yawa, amma tana da wuya ƙwarai. Dole a tura wani siririn tsinke mai auduga a kai cikin hanyar fitsarin namiji, zurfin santimita 2 zuwa 4, a juya shi don ya kankaro ƙwayoyin halitta, abin da ke da zafi har maza da yawa suka gwammace su zauna da cutar. Dole kuma a kai abin da aka ɗebo ɗakin gwaji cikin sanyi da gaggawa, don in ƙwayar ta mutu a hanya ba za ta tsiro ba, sakamako ya fito babu cuta alhali akwai. Bayan haka sai a jira kwanaki. Saboda tsada da wahala, manyan ɗakunan bincike kaɗai ke yin wannan aiki.

A cikin shekarun 1980 aka fito da waɗansu hanyoyi biyu masu sauƙi. Ta ɗaya, a shafa abin da tsinken ya ɗebo a kan gilashi, a zuba wani rini mai ƙyalli wanda ke manne wa kilamidiya, a duba da madubin likita na musamman. Ta biyu, a zuba waɗansu sinadarai da ke canza launi in sun haɗu da ɓawon ƙwayar. Hanyoyin nan sun fi reno sauri da araha, amma suna bukatar ƙwayoyi masu yawa kafin su nuna, saboda haka sukan tsallake mutane da dama, musamman mazan da ba su da alama, waɗanda ƙwayar ba ta da yawa a jikinsu. Yawancin ƙananan kayan gwajin gaggawa da ake sayarwa, masu nuna layi ɗaya ko biyu cikin 'yan mintoci, a kan wannan tsohon tsari aka gina su, kuma sun gaji rauninsa. In irin wannan gwaji ya ce babu, ba lalle ne babu ɗin ba.

Gwajin Da Aka Fi Dogara Da Shi Yanzu

Abin da ya sake al'amarin gaba ɗaya shi ne dabarar da wani masani ɗan Amurka mai suna Kary Mullis ya ƙirƙiro a 1983, wadda aka sani da haruffan PCR, har aka ba shi lambar yabo ta Nobel a 1993 saboda ita. Kowane mai rai yana da sinadarin gado, wanda ake kira DNA, kuma na kowane iri dabam yake da na saura, kamar yadda zanen yatsan mutum ya bambanta da na ɗan'uwansa. Dabarar ita ce a nemi wani ɗan guntu na sinadarin gadon kilamidiya, a sa na'ura ta ninka shi, ɗaya ya zama biyu, biyu su zama huɗu, har ya kai miliyoyi, yadda ba zai ɓuya ba. Likitoci suna kiran dukan gwaje-gwajen da ke bin wannan tsari da haruffan NAAT, kuma tun daga shekarun 1990 aka soma amfani da su wajen neman kilamidiya.

Amfanin wannan gwaji ga namiji guda uku ne. Na farko, yana kama fiye da mutum tara cikin goma masu cutar, har da waɗanda ba su jin kome. Na biyu, ba ya bukatar ƙwayar ta kasance da rai, saboda haka nisan hanya ba ya ɓata shi kamar yadda yake ɓata reno. Na uku, kuma shi ne wanda ya fi faranta wa maza rai, ba sai an tura tsinke ba, fitsari kawai ya isa. Da fitsari guda ɗin nan kuma ana iya neman gonoriya tare. Na'urar GeneXpert, wadda ake amfani da ita a asibitoci da yawa na Nijeriya wajen gwajin tarin fuka, tana da wani kwanso na musamman na gwajin waɗannan cututtuka biyu, mai ba da sakamako cikin kimanin minti 90, ko da yake samun na'urar a asibiti ba ya nufin akwai wannan kwanson. Mai nema sai ya tambaya a manyan asibitocin koyarwa da manyan ɗakunan gwaji na birane.

Duk da haka babu aikin ɗan Adam da ba shi da giɓi. A shekarar 2006 aka gano a ƙasar Suwidin cewa wani irin kilamidiya ya rasa daidai guntun nan da waɗansu na'urori ke nema, har aka riƙa sallamar masu cuta ana ce musu lafiyarsu lau. Da aka gane, sai masu ƙera kayan gwajin suka gyara su yadda ba za su dogara da wannan guntu shi kaɗai ba.

Wane Fitsari Ake So

A nan ne mutane da yawa ke yin kuskure, domin kowace cuta da irin fitsarin da ake nemanta a ciki. Mai ciwon mafitsara akan ce masa ya zubar da na farko, ya tari na tsakiya. Mai tsargiya kuwa na ƙarshe ake so, inda jini da ƙwayayen tsutsar ke fitowa. Amma kilamidiya a cikin hanyar fitsari take zaune, kuma fitsarin farko shi ne ke wanko ta. Saboda haka abin da ake so shi ne farkon abin da ya fito, kimanin mililita 10 zuwa 20, watau cokalin shayi biyu zuwa huɗu, ko iyakar layin da aka nuna a jikin kwalbar. Wanda ya zubar da na farko ya tari na tsakiya ya zubar da shaidar a masai. Wanda kuma ya cika kwalba maƙil ya tsinka ta da ruwa. Ana son mutum ya riƙe fitsarinsa na awa ɗaya aƙalla kafin gwajin, waɗansu ɗakunan gwaji sukan ce awa biyu, kuma kada ya wanke bakin gabansa dab da tarar fitsarin.

Lokaci ma yana da muhimmanci. In an yi gwajin kwana ɗaya ko biyu bayan saduwar da ake shakka, ƙwayar ba ta yi yawan da za a gan ta ba, don haka akan ba da shawara a yi shi, ko a sake shi, bayan mako biyu. Wanda ya riga ya sha kafso daga kemis kafin ya je asibiti ya faɗa wa likita gaskiya, domin maganin na iya dushe cutar ta yadda gwaji zai ruɗe, ba tare da ya kashe ta ba. Haka kuma fitsari labarin hanyar fitsari kaɗai yake bayarwa. In cutar ta sauka a wani wuri dabam, kamar maƙogwaro ko dubura ko ido, sai an shafo wurin da tsinke mai auduga. Hausawa sun ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kuma likitan da aka ɓoye wa labari zai nemi cuta ne inda ba ta.

Takardun Da Ke Yaudarar Mutane

Akwai takardun sakamako iri uku da maza kan riƙe su ce an wanke su, alhali kuwa ba a duba kilamidiya ba sam. Ta farko ita ce ta renon fitsari ko maniyyi a kan faranti, wadda aka riga aka bayyana dalilin da ya sa ba ta ganin wannan ƙwaya. In ta ce babu abin da ya tsiro, gaskiya ta faɗa game da waɗansu cututtuka, amma ba ta ce kome ba game da kilamidiya. Sau da yawa ma takardar kan fito da sunan wata ƙwaya da mutane ke kira "staf", wadda ke zaune a fatar mutane masu lafiya da yawa, takan faɗa cikin kwalba daga fata ko hannu. Sai mutum ya shafe watanni yana kashe kuɗi wajen yaƙi da staf, ainihin cutar kuwa tana ɓarna.

Ta biyu ita ce ta gwajin jini. Abin da jini ke nunawa shi ne ko jiki ya taɓa yin garkuwa da kilamidiya ko danginta, kuma wannan alama takan daɗe bayan an warke, tana kuma iya rashin fitowa ga wanda cutar ke jikinsa yanzu. Saboda haka ba a dogara da jini wajen gane kilamidiyar hanyar fitsari. Gwajin jinin da ake yi na ƙanjamau da tunjere da ciwon hanta kafin aure yana da amfani ƙwarai, amma ba ya neman wannan cuta.

Ta uku ita ce ta duba mugunya da madubin likita, bayan an rina ta da rinin da wani likita ɗan ƙasar Danmak mai suna Gram ya ƙirƙiro a 1884. Wannan gwaji yana da kyau wajen gane gonoriya ga namiji mai zubar mugunya, don ana ganin ƙwayoyinta bibbiyu cikin fararen ƙwayoyin jini. In kuwa an ga fararen ƙwayoyin jini da yawa ba a ga gonoriya ba, likita zai san akwai kumburi a hanyar fitsari, ya yi zaton kilamidiya ko wata cuta mai kama da ita. Zato ne mai ƙarfi, amma rashin ganin kome ba ya wanke mutum.

Inda Babu Na'ura

Ba kowane gari ke da irin gwajin nan na zamani ba, kuma ba kowa ke da kuɗinsa ba. Saboda wannan ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince cewa a wurin da babu gwaji, namijin da ya zo da zubar ruwa ko mugunya daga gabansa a yi masa maganin gonoriya da kilamidiya a lokaci guda, domin sukan zo tare. Dalilin haɗawar kuwa shi ne allurar da ke kashe gonoriya ba ta kawar da kilamidiya. Tun zamanin fenisilin likitoci suka lura cewa mutum zai karɓi allura, mugunya ta tsaya, bayan mako ɗaya ko biyu ɗan ruwa tsararo ya dawo. Mai shi yakan ce allurar ba ta da kyau, alhali kuwa cuta ɗaya ce ta tafi ta bar abokiyar tafiyarta. Sai dai wannan tsari mai alama kaɗai yake taimako. Rabin nan da ba su jin kome, gwaji ne kawai zai tona su.

Maganin da kansa ba shi da wuya. Likita yakan rubuta doksisaikilin miligiram 100 safe da yamma har kwana 7, ko azitiromaisin giram 1 sau ɗaya, gwargwadon halin mai cutar. A shanye maganin duka, a kuma ƙaurace wa saduwa har kwana 7, har sai an gama yi wa ɗaya ɓangaren magani. Kada a yi gaggawar sake gwajin na'ura kafin mako uku zuwa huɗu, domin tana iya ganin gawar ƙwayar ta ce akwai cuta. Amma ana so a sake gwaji bayan wata uku, saboda warkewa ba ta hana sake kamuwa.

Haƙƙin Iyali

Wani zai ce, cutar da ba ta zafi mene ne na damuwa da ita? Ga namiji, takan gangara ta kama jijiyar da ke bayan maraina inda maniyyi ke taruwa, wurin ya kumbura ya yi ciwo, wani lokaci har ta taɓa haihuwarsa, kuma ga waɗansu takan tayar da ciwon gaɓoɓi tare da jan ido. Amma mafi girman ɓarnarta a jikin mace take. Takan hau ta bakin mahaifa ta kama hanyoyin da ƙwai ke bi, ta bar tabo, hanya ta toshe. Sai a ga mace ta yi shekaru babu ciki, ko ta haihu ɗaya ta tsaya, ko ciki ya zauna a wajen mahaifa ya fashe, wanda in ba a yi aiki da gaggawa ba yana iya kashe ta. Jaririn da aka haifa ta hanyar da ke da cutar kuwa yana iya samun ciwon ido ko ciwon huhu a makonninsa na farko.

Kowa ya san abin da ke biyo baya a gidajen da haihuwa ta yi jinkiri. Matar ce ake kai wa asibiti, ita ake kai wa masu magani, ita dangin miji ke yi wa habaici, wani lokaci har a yi mata kishiya ko a ba ta takarda, mai gida kuwa yana zaune da takardar da ta ce babu abin da ya tsiro. Amarya ta shigo, ita ma ta ɗauki rabonta. Shi ya sa in gwaji ya nuna cutar a jikin mutum ɗaya, ƙa'idar likitoci ita ce a yi wa duk wanda ya sadu da shi cikin kwana 60 da suka wuce magani, ko yana jin ciwo ko ba ya ji. A gida mai mata biyu ko uku ko huɗu, ma'anar wannan ita ce miji da matansa duka a lokaci guda, in ba haka ba cutar za ta riƙa zagayawa ɗaki ɗaki tare da kwana.

Ya kamata kuma a sani cewa gwajin ba ya faɗin ranar da cutar ta shiga, ba ya kuma faɗin wanda ya kawo ta. Tana iya zama a jiki watanni da yawa, har fiye da shekara, tana iya zuwa daga auren baya na miji ko na mata. Saboda haka takardar asibiti ba hujja ba ce ta zargin kowa.

Namijin da ya ga ɗan ruwa ko ya ji raɗaɗin fitsari, da wanda maraina suka kumbura, da wanda aka ce matarsa tana da ciwon mara mai dawowa ko toshewar hanyar ƙwai, da wanda zai ƙara aure, da wanda ya san a ransa akwai dalilin shakka, duk ya kamata su je asibiti su nemi gwajin kilamidiya da sunanta, su tambaya ko na na'ura mai ninka sinadarin gado ne, su riƙe fitsari awa ɗaya zuwa biyu, su ba da na farko. Allah ya ba da lafiya, ya kiyaye iyali.